Mu koyi rubuta wasa daga 'yan tawla, mu ceci dara

Tawla, wasan allon nan da ake yi a gidajen shayin Masar da Turkiyya, ba ta samu karɓuwa wajen malamanmu ba. Hadisin nardashir da ke cikin Sahihu Muslim ya yi hani mai tsanani, kuma yawancin malamai sun ce wasan da ake nufi ke nan, saboda ƙwayoyin nan biyu masu ɗigo da ake jefawa, waɗanda Larabawa ke kira zahar. Ba ni da ja a kan wannan. Sai dai akwai abu guda da 'yan tawla suka fi mu: suna rubuta wasansu.

Allonsu yana da gida 24, kowanne da lambarsa. In mutum ya jefa 3 da 1, ya ɗaga ɗa daga gida na 8 zuwa na 5, wani daga na 6 zuwa na 5, sai a rubuta 8/5 6/5. Littafin Paul Magriel na 1976 ya taimaka wajen yaɗa lambobin. Daga baya wani gwani ɗan Amurka, Nack Ballard, ya ƙara gajarta abin: wancan motsi ya koma 31P, gudu daga 24 zuwa 13 kuma 65R. Alamar ! na nufin motsi mai kyau, ? kuskure, ?? kuma ɓaranɓarama. Da TD-Gammon, manhajar kwamfutar da Gerald Tesauro ya ƙera a IBM, ta fito a 1992, da wannan rubutu aka gwada zaɓinta da na gwanaye, har suka sauya yadda suke buɗe wasa.

To mu fa? A nan Doka, in an gama yankan riɗi da girbin dawa, dattawa kan haƙa gurabe a ƙasa su zauna dara. Gurbi 30 ne, layi 5 mai gurbi shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, in ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka. Babu zahar, babu sa'a, tunani ne zalla. Amma da an tashi, iska ta share komai. Gwani ya rasu, tarkonsa ya bi shi kabari. Samarinmu kuwa suna can kan ludo a waya. Dara ta ci gida ke nan.

Gyaran ba wuya. Yaranmu duk sun san abajada, a ba jeri shida na tsaye sunayen alif, ba, jim, dal, ha, waw, layuka kuma 1 zuwa 5. In an ce ba 3 zuwa jim 3, kowa ya gane. A sa × inda aka ci, a bar wa dattawa hukuncin ! da ?.

Wani zai ce, ƙasa na cikin yaƙi tun Afrilun 2023, Gadarif cike da 'yan gudun hijira, wa ke ta dara? Ai shi ya sa. Lokacin da jama'a ke watsewa ne abin da ba a rubuta ba yake salwanta. Kakanninmu sun taso da dara daga Kano da Sakkwato a ka, har gabashin Sudan. Littafin makaranta ɗaya da fensir sun isa mu miƙa ta gaba. Matashin da ya zauna gefen gurabe bayan La'asar ya rubuta wasa goma a wannan rani, ya tura wa ɗan'uwansa a Maiwurno ko Maraɗi ta WhatsApp, ya yi mana aiki babba.