A Daina Farfasa Tsohon Siminti, A Gyara Shi

Makon jiya saura ƙiris mu ɓata da Yayana a kan dakalin ƙofar gidanmu da ke Zariya. Shi so yake a kira masu guduma su farfashe dakalin, da matakalar shiga ɗakin Inna, da 'yar hanyar simintin da ta ratsa lambun marigayi Baba, a shimfiɗa tayil, wai gidan ya tsufa har yana jin kunyar kawo baƙi. Na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, simintin nan bai mutu ba, datti ne da rashin kula suka rufe shi."

A gaskiya wannan ra'ayi ba na Yayana ne kaɗai ba, ya zama ruwan dare. Amma mu tuna, kakanninmu da ke zaune a ginin ƙasa ba sa jira sai katanga ta faɗi. Da zarar damina ta ɗauke sai a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, mata su taru su yi daɓe, a yayyafa ruwan makuba, tsakar gida ta yi sumul. Zuwan siminti ne ya sa muka ɗauka cewa gini ba ya bukatar hannu, muka bar shi shekara talatin ko tsaga ɗaya ba mu toshe ba, sannan muka dawo muna cewa ya yi muni.

To me ke munana tsohon siminti? Yawanci abu uku ne: gansakuka da ruwan damina ke bari, tsagewa da saiwar bishiya ko zaizayar ƙasa ke jawowa, da kuma fenti mai ɓarewa. Kowanne da maganinsa. A fara wanke wurin da buroshin ƙarfe da ruwan bilic, za ka sha mamakin hasken da zai fito. Tsaga kuwa, a ɗan sassaƙe bakinta, a share ƙura, a jiƙa ta, sannan a cike da kwaɓin awo 1 na siminti da awo 3 na yashi mai laushi. Inda birkiloli da yawa ke kuskure shi ne ban ruwa. Sabon siminti na son danshi na kwana 7 aƙalla, musamman da hunturu, don haka a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Wanda ke son launi sai ya sa a gauraya jan garin kala da masu kayan gini ke sayarwa a cikin shafen ƙarshe, ya fi fenti daɗewa domin a jikin simintin yake.

Katanga ita ma haka. Fentin mai yana toshe danshin da ke tasowa daga ƙasa, shi ya sa yake kumbura ya ɓare. Farar ƙasa kuwa tana barin bango ya sha iska, ga araha. In an yi sabon shafe, a jira kamar mako 4 kafin a shafa komai. In da hali a sa mai zane ya yi wa saman ƙofa dagi irin na gidajen Zariya da Kano.

Na san za a ce tayil ya fi ƙyalli, kuma ban musa ba. A falo yana da kyau. Amma tayil mai santsi a kan matakalar waje tarko ne da damina, Inna kuma ta haura saba'in, da sanda take tafiya. Karayar ƙugu ga tsohuwa ba abin wasa ba ce. Ban kuma ce kowane siminti ake ceto ba, wanda ya dulmiye ko yake rugurgujewa a hannu, wannan kam a cire shi.

Akwai kuma abin da ban iya faɗa wa Yaya ba sai daga baya. A gefen hanyar lambun nan akwai sawun ƙafar autarmu, da ta taka ranar da aka zuba simintin, Baba ya hana a shafe. Yau tana da 'ya'ya huɗu. Da na nuna masa sai ya yi shiru, can ya ce in nemo birkila, amma kuɗin farar ƙasa ni zan biya. Na amince, Asabar mai zuwa za a fara wankewa.