A Bar Kaza Cikin Gashinta?

Akwai wasu maganganu guda uku da muka ƙware wajen furtawa a ƙasar nan duk lokacin da aka zalunci wani: "a yi haƙuri", "abin da ya wuce ya wuce", da kuma "a bar kaza cikin gashinta". Da an ƙone kasuwa ko an zubar da jini, tun hayaƙi bai lafa ba sai ka ga manya sun hallara da manyan riguna, an yi taron sulhu, an ɗauki hoto, an umarci waɗanda aka cuta da su yafe, su kuma manta. Ni ba ni da ja game da yafiya, domin halin girma ce. Da mantuwa nake faɗa, da kuma masu ɗaura ta a wutsiyar yafiya suna tallata mana su a matsayin haja guda.

Kafin mu yi nisa, ba ƙananan saɓani nake nufi ba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma wanda ke ajiye lissafin kowace baƙar magana da maƙwabci ya faɗa masa ba zai yi barci ba. Maganar da nake yi ta manyan laifuffuka ce, irin waɗanda ke barin marayu.

Tambayar farko ita ce, yafiya hakkin wane ne? A shari'ar Musulunci, idan aka kashe mutum da gangan, zaɓi tsakanin ƙisasi da afuwa yana hannun waliyyan mamaci. Alƙali ba ya yafewa a madadinsu, haka ma sarki. A mazhabar Malikiyya, ko da sun yafe, akan yi wa mai kisan bulala ɗari a tsare shi shekara guda, domin al'umma ma tana da nata hakkin. Wato yafiya kyauta ce, kuma ba a yin kyauta da kayan wani. Shugaban da ya hau mumbari ya ce "mun yafe" alhali ba ɗansa aka binne ba, rigar aro ya yi alfarma da ita.

Masu wa'azin mantuwa sukan kafa hujja da Annabi Yusuf, wanda ya yafe wa 'yan'uwansa. To, a koma a duba yadda ƙissar ta zo. Sai da ya tuna musu abin da suka aikata, sai da suka amsa laifinsu da bakinsu, sannan afuwa ta biyo baya. Bayan haka kuma ba a shafe labarin ba: sura guda ce cikakkiya a Alƙur'ani, yana kuma cikin Littafin Farawa da Kirista ke karantawa. An yafe wa masu laifin, amma har gobe ana karanta labarin rijiyar.

Mu kuwa mun juya tsarin. Da yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairun 1970, Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Wannan dattaku ne, ya kuma hana ramuwar gayya. Sai dai ba a taɓa zama an ƙididdige abin da ya faru ba: kisan shugabanni a Janairun 1966, kisan Inyamurai a garuruwan Arewa cikin wannan shekarar, kisan fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, da yunwar da ta cinye yara a Gabas. An rufe tukunya da wuta a ƙarƙashinta. Har ta kai aka cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu na kimanin shekaru goma kafin a maido da shi. Yau ga jikokin waɗanda suka ga yaƙin suna zagin juna a kansa, kowa da tarihin da aka ba shi a tsakar gida.

An sami damar gyara a 1999, lokacin da Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin binciken take hakkin ɗan Adam ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa. Koke kusan 10,000 aka shigar. Tsofaffin shugabannin soja uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, suka ƙi bayyana. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta wallafa shi ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka fitar da shi a 2005. Mutane sun yi kuka a bainar jama'a, aka tattara hawayensu aka kulle a durowa.

Kwatanta wannan da Afirka ta Kudu. Hukumar da Desmond Tutu ya jagoranta ta fara sauraron jama'a a 1996 bisa sharaɗi guda: mai neman afuwa sai ya fayyace duk abin da ya aikata. Fiye da mutum 7,000 suka nema, 849 kawai aka ba. 'Yan sandan da ke da hannu a mutuwar Steve Biko ma an hana su. Tsarin yana da nasa naƙasu, domin ba a gurfanar da mafi yawan waɗanda aka hana afuwar ba. Duk da haka, babu mai iya tashi yau ya ce wa uwar da aka kashe wa ɗa ƙarya take yi.

Na san abin da za a ce: garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Madalla. Amma wane zaman lafiya shirun ya saya mana? A watan Yulin 1999 aka yi rikicin Shagamu, kafin wata ya ƙare aka huce a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba a Kano. A Fabrairun 2021 kasuwar Sasa ta Ibadan ta kama da wuta. Kowane karo sai a yi taron sulhu, a ce a manta. Wanda aka hana wa shari'a ba ya mantawa. Gida yake kai labarin, ya shayar da 'ya'yansa shi da ɗacinsa. Kowane wanzami ya san mikin da aka ɗaure ba a wanke ba ruɓa yake yi ta ciki.

Mu Hausawa mazauna Kudu, wannan magana ta hau kanmu ta fuska biyu. Muna da hakkin mu tuna waɗanda muka rasa, mu kuma nemi a kira mai laifi da sunansa. Amma laifi tudu ne. Wanda ke son a tuna Shagamu, dole ya yarda a tuna abin da aka yi a Kano. Wanda ke kukan Janairun 1966, dole ya saurari mai kukan Satumbar shekarar. Tunawar da ke ganin gawar gida kaɗai ƙullaci ce da ta sake suna.

A nan ne aikinku yake, ya ku ɗalibai masu riƙe da alƙalami. Chimamanda Adichie ta fitar da littafinta kan yaƙin a 2006, Chinua Achebe ya fitar da nasa a 2012. Ko mun yarda da su ko ba mu yarda ba, sun ajiye shaidarsu. Tsofaffinmu da suka ga waɗannan al'amura suna ta ƙarewa a Sabo da Agege da sauran zanguna. Ku je ku zauna da su, ku rubuta abin da aka yi musu da abin da suka ga an yi wa wasu, ba ragi ba ƙari.

Wanda aka cuta, in ya ga dama ya yafe don ya sauke wa zuciyarsa kaya, Allah ya ba shi lada. Amma kada kowa ya ƙara tilasta masa mantuwa. A faɗi gaskiya tukuna, mai laifi ya amsa, a biya abin da zai biyu, sannan a roƙi afuwa daga mai ita. Waiwaye adon tafiya ne. Allah ya sa mu gane.