Kafin A Miƙa Wa Yaro Makullin Mota

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta kama ƙasa a tsakanin ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da manyan manoma na Jihar Kebbi, watau saya wa yaro abin hawa da zarar ya gama sakandare ko ya sami shiga babbar makaranta. A Birnin Kebbi da Jega da Argungu abin yakan kasance ƙaramar mota 'yar Kwatano. A garuruwa irin su Dodoru ta ƙasar Gwandu da ƙauyukan da ke kewaye da Kalgo kuwa yawanci babur ne, wanda uba kan saya bayan an sayar da shinkafa ko albasa, domin yaro ya riƙa zuwa makaranta da gona, ko kuma ya yi kabu-kabu ya tallafi gida. Tun da noman shinkafa na rani ya bunƙasa, musamman bayan shirin bai wa manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, gidajen da suka iya yin haka sun ƙaru ainun.

Mu dai ba mu ga laifin uban da ya yi wa ɗansa wannan alheri ba, domin akwai bukata ta gaskiya a ciki. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta yana Kalgo ne, jami'ar jiha tana Aliero, kuma ɗalibai da yawa kullum suna kan hanya tsakanin gida da aji. Kuɗin mota ya yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Abin da ya dame mu shi ne yadda iyaye da yawa suke tsammani aikinsu ya ƙare ran da suka biya kuɗi suka miƙa makulli, alhali kuwa a ranar ce aikin ya soma. Ra'ayinmu shi ne duk uban da ya iya sayen abin hawa wajibi ne a kansa ya fara koya wa ɗansa tuƙi na sosai, ya nema masa lasin ta hanyar da doka ta tsara, sa'an nan ya zaɓa masa abin hawan da ya dace da ƙarfinsa da hankalinsa.

Dalilin wannan magana a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum 1,190,000 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka, wadda ta fi sauran nahiyoyi ƙarancin motoci, ita ce ta fi su yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arta. Mu a nan ba ma bukatar rahoto daga Turai kafin mu gaskata. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ko ya leƙa gidajen masu ɗori na Aliero, ya ga samari kwance da karaya, waɗansunsu ma ko gemu bai fito musu ba. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya miƙa masa makulli.

Yana da kyau mu tuna yadda ake zama direba a ƙasar nan a da. Yaro yakan fara ne da zama yaron mota a tasha. Shekara da shekaru yana wanke mota, yana ɗaura kaya, yana sa weji a bayan taya idan an tsaya a hawa, yana duba ruwa da baƙin mai, yana kallon hannu da ƙafar maigidansa. Sai maigidan ya ga hankalinsa ya kwanta sa'an nan zai bar shi ya juya mota a cikin tasha, daga baya ya ba shi sitiyari a hanyar da ba cunkoso. Wannan tsari yana da wahalarsa, har da zaluncin da wasu iyayen gida kan yi, amma ya fitar da direbobin da suka san mota ciki da waje, suka kuma san cewa rayukan mutane ne a bayansu. Haka nan ma'aikatan da suka sayi motarsu ta farko da kuɗin Udoji a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, galibinsu magidanta ne masu iyali, kuma motocin nan masu giyar hannu ne, ba sa motsawa sai mutum ya koya. Yau kuwa yaro ɗan shekara 16 yakan zagaya unguwa sau biyu da motar wansa mai canja giya da kanta, a ce ya iya.

A nan ne maganar giyar hannu ta shigo. Ba muna cewa mota mai canja giya da kanta abin ƙi ba ce. Tana da sauƙi a cunkoso, tana kuma taimakon tsofaffi da masu ciwon ƙafa. Amma ga mai koyo, sauƙin nan nata yakan ruɗe shi, domin da ya taka totur ta tafi, sai ya ɗauka tafiyar mota ita ce tuƙi. Mota mai giyar hannu kuwa malama ce mai tsanani. Idan yaro ya saki kuloci da gaggawa sai ta mutu masa. Idan ya ƙi sauraron kukan inji sai ta yi ta gurnani har ya sauya giya. Hannunsa na dama da ƙafafunsa duka biyu suna da aiki, saboda haka ba shi da sararin riƙe wayar salula. A cikin 'yan makonni yakan koyi haƙuri da natsuwa, waɗanda su ne rabin tuƙi.

Ban da wannan akwai amfani na zahiri. Wanda ya koyi giyar hannu zai iya tuƙa mai canja giya da kanta cikin yini ɗaya, amma wanda ya saba da mai sauƙin sai ya koma ɗan koyo. Yawancin motocin haya da a-kori-kura da manyan motocin da ke ɗaukar shinkafa da albasa daga kasuwanninmu, da taraktocin noma, masu giyar hannu ne, saboda haka ɗalibin da ya iya ta ya riƙe sana'a a hannunsa ko da aikin ofis ya yi jinkiri. Idan batir ya yi sanyi a tsakanin Dodoru da Gwandu, ana iya tura ta ta tashi. Kusan kowane bakanike na gefen hanya ya san gyaran kuloci, amma gyaran akwatin giya mai canja kansa sai an nemi gwani a babban gari, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. A hanyoyin fadama da damina, inda yashi da taɓo ke riƙe taya, direban da ya san zaɓen giya shi ke fita. Babur ɗin ma da ake saya wa samarin ƙauye yawancinsa kuloci ne a hannu, giya a ƙafa, kuma ƙa'idar duk ɗaya ce.

Koyarwar kanta tana da tsari. A fara a fili wanda ba mutane, kamar filin Idi ko filin ƙwallo bayan an tashi, ba a kan titin Birnin Kebbi zuwa Jega ba. Yaro ya fara sanin birki kafin totur. Ya koyi wurin da kuloci ke kamawa, ya tashi ya tsaya sau da yawa a giya ta ɗaya kafin a bar shi ya shiga ta biyu. A koya masa tashi a hawa da birkin hannu ba tare da mota ta koma baya ba, da rage giya kafin kwana, da yin ribas yana duban madubi. A hana shi ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafe, domin hakan yana cinye shi. A kuma gargaɗe shi ƙwarai game da mugun halin nan na sa mota a firi a gangara wai don a rage shan mai, domin motar da ba ta cikin giya birki kaɗai ke riƙe ta, idan ya yi zafi ya ƙi kamawa sai dai a ce Allah Ya kiyaye. Uban da ya san yana da saurin fushi gara ya wakilta wani, domin tsawa ba ta koyar da kome sai firgita. Abin da muka faɗa game da ɗa namiji ya shafi 'ya mace, domin malamai mata da ma'aikatan jinya da yawa a jihar nan su ke kai kansu wurin aiki, kuma sun cancanci koyarwa cikakkiya kamar kowa.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Watau kafin direba ya ga akuya ko yaro ya ɗaga ƙafa ya taka birki, motar ta riga ta ci wannan tazara ko fiye. Kuma idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya yakan ninku sau huɗu. Shi ya sa doka ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari. Hanyoyinmu suna ratsa tsakiyar ƙauyuka da kasuwanni, ga amalanke, ga shanu, ga yara masu talla.

Doka ma ba ta bar wannan al'amari a hannun son zuciyar iyaye ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin tuƙi a Nijeriya. Mai koyo yana bukatar takardar izinin koyo, da alamar koyo a gaba da bayan mota, da direba mai lasin a gefensa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shardanta a bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, sa'an nan jami'an duba motoci su jarraba mutum kafin a ba shi lasin. Babur ma yana da nasa ajin lasin. An tilasta ɗaura bel tun daga farkon 2003, da sa hular kwano ga masu babur daga farkon 2009. Abin takaici, wasu iyaye masu ilmi, waɗanda ya kamata su zama abin koyi, su ne ke neman ɗan kamasho ya kawo wa yaro lasin har gida ba tare da jarrabawa ba. Irin wannan uba ya koya wa ɗansa darasi biyu a rana ɗaya, cewa doka abin saye ce, kuma ran mutane ba shi da nauyi. Musulunci ya ɗora wa wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya da kaffara. To, wanda ya miƙa makulli ga yaron da ya san bai iya ba, ya tambayi malamai matsayinsa.

Game da zaɓen motar kuwa, shawararmu ita ce a bar alfahari a gefe. Motar farko ta zama ƙarama, mai ƙaramin inji, wadda kayan gyaranta ke samuwa a Birnin Kebbi ko Jega ko Sakkwato. Kafin a biya kuɗi a tafi da bakanike amintacce ya duba birki da sitiyari da fitilu da tayoyi, domin fenti mai ƙyalli yakan ɓoye ɓarna mai yawa, kuma tsohuwar taya ba ta jure zafin kwalta na watan Afrilu. A tabbata takardun kwastan da na rajista da inshora sun cika. Kuɗin da za a ƙara don a sayi babbar mota mai gudu gara a kashe shi a kan sababbin tayoyi da kuɗin makarantar tuƙi. Idan babur ne, a sayi hular kwano biyu tare da shi a rana ɗaya. Kuma a gindaya sharuɗɗa tun farko: ba tafiyar dare, ba cika mota da abokai, ba ba da aro, ba shiga wasan mota a wurin biki. Wanda ya karya sharaɗi a karɓe makulli. Hausawa sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi.

Mun san akwai masu cewa makarantun tuƙi suna manyan garuruwa, kuma talakan Dodoru ba zai iya biyan kuɗin makaranta da na lasin a kan kuɗin babur ba. Wannan kuka ne na gaskiya, saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo da sauransu su haɗa kai da Hukumar Kiyaye Haɗurra da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu, a riƙa shirya horo mai rahusa a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma lokacin hutun makarantu. Akwai tsofaffin direbobin gwamnati da suka yi ritaya a kusan kowane gari, waɗanda iliminsu yake zaune a banza, a kira su su koyar. Makarantun sakandare da manyan makarantu su ware lokaci na koyar da alamomin hanya. Hakimai da dagatai da limamai kuma su sa baki a kan wasan mota da na babur a bukukuwa, wanda ya sha mayar da gidan biki gidan makoki.

Ga ɗalibai kuwa, muna cewa motar da mahaifinku ya saya muku gumin shekaru ne, wani ma bashi ya ci. Jinkirin wata uku na koyo ba zai rage muku kome ba, amma gaggawar daƙiƙa ɗaya tana iya raba ku da ƙafa ko da karatu, ko ta bar ku da alhakin ran wani har abada. Iyaye kuma su tuna yaro yana kallon yadda suke tuƙi tun yana kujerar baya, saboda haka uban da ke amsa waya a kan sitiyari ba shi da bakin hana ɗansa. A fara da koyarwa, a bi da lasin, makulli ya zo daga ƙarshe. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.