Ra'ayinmu: Janar ma ya tsaya gaban alƙali

A ranar 24 ga Yulin 2025, Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya ta ɗaure Alfred Yekatom shekara 15, Patrice-Edouard Ngaïssona kuma shekara 12, saboda ta'asar da 'yan anti-balaka suka yi wa Musulmi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2013 da 2014. Mutanen unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, wato PK5, ba su da buƙatar a ba su wannan labari. Nan Hausawa da Fulani da sauran Musulmin birnin suka fake bayan harin da 'yan anti-balaka suka kai ranar 5 ga Disambar 2013, lokacin da leƙawa wajen unguwar ya zama sayar da rai. Sai dai waɗannan madugan 'yan daba ne. Janar ɗin da ya zauna a kujerar mulki fa?

Duniya ta taɓa amsa wannan tambaya a Japan. Janar Hideki Tojo ya taso ne ta rundunar ƙasarsa da ke mamaye da Manchuria, ya zama ministan soja a 1940, ya zama firaminista a Oktoban 1941, kuma a ƙarƙashinsa aka kai wa Amurka hari a Pearl Harbor. Da yaƙi ya juya ya sauka a Yulin 1944. Da aka zo kama shi a Satumban 1945 ya harbi kansa bai mutu ba, likitocin Amurka suka yi jinyarsa, kotun Tokyo ta same shi da laifi, aka rataye shi ranar 23 ga Disambar 1948.

Masu sukar wannan shari'a suna da hujja mai nauyi. Waɗanda suka ci yaƙi su ne suka naɗa alƙalai. Ba a tuhumi Sarki Hirohito ba, ba a kuma tambayi kowa batun bam ɗin Hiroshima da Nagasaki ba. Alƙali Radhabinod Pal na Indiya ya ƙi amincewa da hukuncin baki ɗaya. Shari'ar da ta duba gefe guda ba ta kashe gardama: a 1978 aka sa sunan Tojo cikin waɗanda ake girmamawa a wurin ibadar Yasukuni, kuma har yau Sin da Koriya ta Kudu na fusata duk lokacin da wani babba ya kai ziyara can.

Bangui ta yi abin da Tokyo ba ta samu yi ba, domin 'yan ƙasa ne suka yi wa Jean-Bédel Bokassa shari'a. Tsohon sojan Faransa ne da ya ƙwace mulki a daren shiga 1966, ya naɗa kansa sarki a Disambar 1977, aka kifar da shi a 1979 bayan kisan 'yan makaranta da suka ƙi sayen yunifom ɗin da ya tilasta musu. Ya dawo da ƙafarsa a 1986, aka yanke masa hukuncin kisa a Yunin 1987, shugaba André Kolingba ya sassauta, ya fito a 1993, ya mutu a 1996. Sai ga shi a 2010 shugaban ƙasa na lokacin François Bozizé, wanda ya samu muƙamin janar a zamanin Bokassa, ya sa hannu a takardar da ta wanke shi. Ko an nemi jin ta bakin iyayen yaran nan?

Shi Bozizé ɗin ne Kotun Musamman ta Bangui ta ba da sammacin kamawa a 2024, bisa laifuffukan da ake zargin dakarunsa sun aikata a Bossembélé, alhali yana zaune a Gini Bisau. Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta: kasuwa ta fara ci, hanyar Kamaru ta buɗe, tono tsohon zance zai iya sake kunna wuta. Ɗan kasuwar da aka taɓa ƙone wa shago yana da haƙƙin jin wannan tsoro, ba ma raina shi. To amma an gwada kawar da kai. An bar Bozizé ya dawo gida daga gudun hijira a ƙarshen 2019, shekara na zagayowa ya jagoranci ƙawancen 'yan tawaye da suka kai hari bakin Bangui a Janairun 2021.

Ra'ayinmu shi ne a kawo shi Bangui ya tsaya da kansa gaban alƙalai, da lauyansa, a bainar jama'a. Ƙasar ta soke hukuncin kisa a 2022, saboda haka ba igiyar Tojo ake nema masa ba. Sharaɗin kawai kada a maimaita kuskuren Tokyo. Ƙungiyar 'yan tawayen Seleka ta kashe Kiristoci ta yi wasoso a 2013, 'yan bindigar da suka ce suna kare PK5 kuma sun tatsi 'yan kasuwarta har suka yi musu bore a Disambar 2019. A Nuwambar 2021 Kotun Musamman ta kama minista Hassan Bouba, tsohon jigon ƙungiyar 'yan tawayen UPC, aka fito da shi cikin 'yan kwanaki ba a yi masa shari'a ba. Limamai da shugabannin kasuwar Kilomita Biyar da ke neman a gurfanar da Bozizé, su nemi a buɗe wannan fayil ɗin ma da murya ɗaya.