Ku bar Gwaggo ta ɗauki galan ɗinta

Gwaggona tana da shekara 68, kuma Allah ya yi mata jiki. Da likita ya ce ta rage ƙiba saboda hawan jini da ciwon gwiwa, sai muka taru muka yi mata abin da muka ɗauka gata ne. Muka rage tuwo, muka hana nama, muka bar ta da koko da shayi. Ko buta ta taɓa sai jika ya rugo: "Kawo, Hajiya, ki huta." Cikin 'yan watanni riguna suka yi mata yawa, muna ta murna. Sai ga tashi daga sujada ya gagare ta, ta koma salla a kan kujera.

Laifinmu ne. Yunwa ba ta tsince kitse ta bar tsoka, duka take ci, ga tsufa da ma yana zaftare tsokar, musamman bayan shekara 60. Mun rage mata nauyi, mun haɗa da ƙarfin da ke ɗauke da nauyin.

A 1990 wata likita, Maria Fiatarone, ta sa tsofaffi masu kimanin shekara 90 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ɗaga nauyi da ƙafa. Cikin mako 8 ƙarfin ƙafafunsu ya fi ninki biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce tsoho ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Mu kuwa sai "Baba, zauna."

Ba sai an je gidan motsa jiki ba. Yanzu Gwaggo tana tashi daga kujera sau 10 ba ta dafa komai ba, ta huta, ta sake. Tana ɗaukar galan mai lita 5, wato kilo 5 ke nan, daga bakin rijiya zuwa madafa. Wake, awara, ƙwai, busasshen kifi da kindirmo sun dawo kwanonta. Abin da ya fita shi ne lemon kwalba da sugan da take lafta wa shayi. Mai ciwon ƙoda dai ya fara tambayar likitansa kafin ya ƙara cin irin su wake, ƙwai da kifi.

Wata maƙwabciya ta ga Gwaggo da galan, ta ce mun rasa tausayi. Na yi shiru, don da ni ma haka zan ce. Isha'i har yanzu a kujera take yi in gwiwar ta motsa, amma Asuba ta koma kan darduma.