Khartum da Omdurman: motocin haya sun dawo, amma wane baƙo ne zai iya ratsa birnin?

Tun bayan da sojojin Sudan suka ƙwace fadar shugaban ƙasa a ranar 21 ga Maris 2025, sannan suka ayyana fatattakar dakarun RSF daga jihar Khartum baki ɗaya a watan Mayu, jama'a ke ta komawa babban birnin. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, ta ce zuwa watan Oktoban 2025 mutum fiye da miliyan ɗaya ne suka koma. Gwamnatin da ta yi hijira zuwa Port Sudan ita ma ta sanar da komawarta a Janairun 2026. Wannan ya sa Hausawan Nijar, Najeriya da Chadi masu dangi a can, da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Afirka da aka kwashe a motocin safa a 2023, suka fara tambayar ko lokacin ziyara ya yi. Amsar tana kan titi: a gadoji, a tashoshin mota, da kuma shingayen bincike.

Abin da ake kira Khartum garuruwa uku ne da ruwa ya raba. Khartum ɗin kanta tana tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, Bahri tana arewa, Omdurman kuma a yamma. A Mugran kogunan biyu suke haɗuwa, gab da tsibirin Tuti. Baƙon da ya zo kallon tarihi ba shi da mafita sai ya ƙetare ruwa, domin gidan tarihi na ƙasa da fadar gwamnati suna gefen Khartum, yayin da hubbaren Mahadi, gidan Khalifa Abdullahi, babbar kasuwa da maƙabartar Hamad al-Nil, inda 'yan Ƙadiriyya ke zikirin yammacin Juma'a, duk suna Omdurman.

Kafin ranar 15 ga Afrilun 2023 wannan ƙetarawa ba ta da wuya ko tsada. Mutum ya je tashar Jackson ko ta Istad a tsakiyar Khartum, ya shiga bas ɗin da 'yan gari ke kira hafla, ta bi da shi tsohuwar gadar Farin Nilu ta zamanin Turawan Ingila, ta sauke shi a Shuhada, daga nan hubbaren Mahadi tafiyar ƙafa ce. Babu jadawali, babu taswira a bango. Yaron mota, wanda suke kira kumsari, shi ke kiran sunan unguwa, kuma da ƙyasta yatsu yake karɓar kuɗi. Fasinja ma da ƙyasta yatsu yake tsayar da mota. Wanda ya saba da tashar Kano ko ta Maraɗi ba ya ɓata a irin wannan tsari. Mai gaggawa ya ɗauki shatar ƙaramar motar amjad ko ya kira mota ta manhajar Tirhal, cikin unguwa kuma akwai raksha, wato adaidaita sahu.

Yaƙi ya wargaza wannan taswira. Gadar Shambat da ke haɗa Omdurman da Bahri ta karye a watan Nuwamban 2023, ɓangarorin biyu suna zargin juna. Gadar Halfaya da ke arewa da ita ta samu mummunar illa a tsakiyar 2024. Sauran gadojin sun zama fagen daga, har zuwa ranar 26 ga Satumban 2024 da sojoji suka ƙetare su suka kutsa tsakiyar Khartum. A tsawon wannan lokaci rayuwar birnin ta tattara ta koma Karari, arewacin Omdurman, yankin da bai taɓa fita daga hannun soja ba. Kasuwar Sabrin da ke can ta zama cibiyar ciniki da ta motoci, kuma ita ce aka yi wa luguden wuta a ranar 1 ga Fabrairun 2025, inda mutum fiye da 50 suka mutu.

Ke nan birnin ya kife. A da Omdurman ce ake kwana, Khartum ake wuni. Yanzu Omdurman ce ta riga farfaɗowa, tsakiyar Khartum kuwa, inda manyan tashoshi da otal-otal suke, ita ta fi shan wuta. Rashin Shambat kaɗai ya isa ya mayar da gajeriyar tafiya doguwa, domin mai zuwa Bahri daga tsohuwar Omdurman sai ya yi zagaye. Kowane zagaye kuwa mai ne, man kuma daga nesa yake zuwa: matatar Jaili da ke arewa da Bahri, wadda ita ce mafi girma a ƙasar, ta ƙone a Janairun 2025. Dala ɗaya da ake saya a kusan fam 600 kafin yaƙi ta haura fam 3,000 a kasuwar bayan fage a 2025. Direba ba ya da inda zai huce wannan sai a aljihun fasinja.

Biyan kuɗin ma ya sauya. A Disambar 2024 hukumomi suka canja takardun fam 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, jama'a suka ƙara raja'a ga Bankak, manhajar Bankin Khartum. Ɗan gari yana tura kuɗin shayi ko na mota ta waya. Baƙon da ba shi da asusu a ƙasar dole ya jingina da mai masaukinsa, ko ya nemi mai canja masa.

Sai dai ga Bahaushe babbar matsalar tana shingen bincike. Tun a 2024 hukumomin jihar Khartum suka umarci baƙi 'yan ƙasashen waje su fice, bisa zargin cewa akwai baƙin haure a cikin mayaƙan RSF, kuma bayan ƙwace birnin an ci gaba da kamen marasa takardu. Rahotannin da ke cewa RSF ta ɗebo mayaƙa daga yankin Sahel sun sa fasfo na Chadi ko Nijar yana jawo tambayoyin da a da ba a yi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kokawa kan abin da 'yan Sudan ke kira dokar baƙin fuskoki, inda kama da harshe ke iya sa a sauke mutum daga mota.

Abin takaicin shi ne Hausawa ba baƙi ba ne a bakin Nilu. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta kawo kakanninsu, wasu kuma suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Maiurno kusa da Sennar. Jikokinsu 'yan Sudan ne haihuwa da takarda, suna noma a Jazira, suna zaune a unguwannin kudancin Khartum irin su Ingaz da Mayo. Amma rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022, wanda ya fito da dubban Hausawa zanga-zanga a titunan Khartum, ya nuna cewa har yanzu akwai masu yi musu kallon 'yan zuwa. Waɗannan unguwannin na kudu kuma sun daɗe a hannun RSF, abin da ya ƙara wa mazaunansu nauyin zargi ba tare da sun zaɓa ba. Baƙon da ya ce can zai sauka wurin dangi, ya shirya amsa tambaya fiye da sau ɗaya a hanya.

Wuraren kallon su ma ba kamar da suke ba. An wawashe gidan tarihi na ƙasa, kuma gidan Khalifa bai tsira ba. An gano nakiyoyi da aka binne a yankin Mugran, wurin da a da iyalai ke zuwa shan iska, ga kuma harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a cikin gidaje da filaye. Filin jirgin saman Khartum ya karɓi jirgin farar hula a Oktoban 2025, a makon da jirage marasa matuƙa suka kai masa hari, kuma yaƙi bai ƙare ba a Kordofan da Darfur, wato ta inda tsohuwar hanyar alhazai daga Chadi ke bi.

Saboda haka masu cika hafla a yau masu komawa gida ne, suna ɗauke da katifu da jarkoki, ba masu yawon buɗe ido ba. Baƙon farko da zai iya bin sahunsu shi ne wanda ke da biza sahihiya, ya yi rajista da hukuma da isarsa, yana da ɗan gari da zai tsaya masa a shinge ya kuma biya masa kuɗin mota ta waya, sannan ya bar ɗaukar hoton gada da gine-ginen gwamnati, abin da ko a zamanin zaman lafiya yana kai mutum ofishin 'yan sanda.