Zaman Iyali: Bayan An Ajiye Ƙwaryar Giya

A wannan wata za mu yi magana a kan maigida ko uwargida da giya ta kama, suka kuwa ƙudura za su bari. Da yawanmu muna tsammani ran da mutum ya ajiye ƙwaryar burukutu, shi ke nan magana ta ƙare. Amma ran nan ne aikin iyali yake somawa.

Da fari, wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Cikin sa'a 6 zuwa 24 jiki yakan soma rawa, ga zufa ga amai. Waɗansu sukan faɗi kamar masu farfaɗiya, a kwana na 2 ko na 3 kuma su ruɗe, suna ganin abin da babu. Wannan yana iya kisa. Sai mu kai shi wurin likita, a ba shi maganin kwantar da jiki da bitamin B1. Asibitin Barnawa a Kaduna da na Aro a Abeokuta suna irin wannan jiyya.

Bayan haka sauƙi yakan zo sannu sannu. Kitsen da giya ta tara a hanta yana iya narkewa cikin 'yan makonni, amma tabon hanta ba ya gogewa. Barci yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita. Abin da ya fi daɗewa shi ne yarda, gama yaran da suka saba ɓuya in sun ji takun baba, ba za su sake da shi dare ɗaya ba.

Mu tuna da mata kuma. Jikin mace bai kai na namiji yawan ruwa ba, saboda haka kwalba guda takan fi bugar da ita, hantarta kuma takan lalace da wuri. Duk da haka namiji in ya bari mukan yaba masa, mace kuwa kunya takan sa ta ɓoye ciwonta har ya yi nisa. Wannan laifinmu ne.

A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da Dokta Bob Smith, suka gane cewa hira da juna tana taimakonsu su wuce yini ba sha. Mafarin ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke nan. A 1951 matar Bill, Lois, da abokiyarta suka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In ɗan'uwanmu ya sake sha, kada mu ce ƙoƙarinsa ya tashi a banza. Mu sake raka shi wurin likita, mu samo masa abin yi da maraice, lokacin da ya saba tafiya mashaya. 'Yar'uwarmu kuma mu zauna mu ci tuwo tare da ita, ba gori.

Sai wata mai zuwa.